Laka Laka Ce

Kada wanda ya sake cewa "laka laka ce" a gidan nan. Ran nan na ji wata amarya ta faɗa a bakin rijiya, har da dariya, na jefe ta da sakaina. Aka ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ban ruɗe ba, kuma in ta sake zan ƙara mata. Ku zauna in gaya muku dalili, in ya so gobe kowa ya san abin da zai bari ya fito daga bakinsa.

Ni Ladidi maginiya ce 'yar maginiya. Tukwane da tuluna da randunan da ake kaiwa kasuwar Maska, rabinsu daga hannun matan unguwarmu suke fitowa. Uwata Inno ba ta koya mini gini da hannu ba sai da ta koya mini ƙasa da ƙafa. Ina 'yar shekara bakwai ta kai ni fadamar bayan gari, ta ce in taka, in gaya mata abin da na taka. Na ce laushi. Ta make ni a ƙeya. Ta ce laushi ai ko tuwo yana da shi, ko kumatun jariri, kuma maginiyar da ba ta san laushi daga laushi ba, gawarta ma ba za a gani ba.

Sai ta bi da ni ɗaya bayan ɗaya. Ga caɓi, mai fantsama ya ɓata zane, amma ƙarƙashinsa tauri ne, ko jaki da kaya ya wuce. Ga taɓo, mai kama ƙafa har ƙwauri, ya riƙe ka kaɗan sannan ya sake ka yana tsotsa. Ga yumɓu, abincinmu, mai danƙo, in ka matsa shi ya zauna yadda ka bar shi. Ta huɗun kuwa, Inno ba ta bari na taka ba sai da ta ɗaura mini igiya a ƙugu ta riƙe bakin. Ita ce damba.

Damba ba ta yi kama da laka ba ko kaɗan. Ciyawa ce kore shar, a kwance, ta fi ko'ina kyau a fadamar, har ka ji kana son ka shimfiɗa tabarma. Saiwoyi ne suka saƙu a sama, ƙarƙashinsu kuwa ruwan laka ne tuɓus wanda ba a taɓa jin gindinsa ba. In ka taka nan, ciyawar da ke taku uku gabanka sai ta yi rawa. Inno ta ce kamar maɗigar jariri take, fata ce a sama, ba ƙashi a ƙasa. Tana ɗaukar mace ɗaya mara kaya in ta yi sauri. Tana ma iya ɗaukar saniya taku goma ko ashirin, sai ta kai tsakiya ta ɓurme da ita. In ta ɓurme da kai, kada ka tsaya tsaye, kada ka yi ta shure-shure. Ka kwanta rub da ciki, ka baza ƙafafu, ka ja jiki a hankali.

Yumɓun kirki yana ƙetaren dambar, a gindin wani kurmi. Hanya ɗaya ce ke kaiwa can, wani siririn tudu a ƙarƙashin ruwa, ido ba ya ganinsa sai dai tafin ƙafa ya ji shi. Yana tafiya miƙe har wani kututturen giginya, daga nan ya karya hagu ya shiga cikin ciyawar jema. Matan magina kaɗai suka san shi, shi ya sa duk ranar da aka ce ga mahara, mu ne ke wucewa gaba mutanen gari su bi bayanmu zuwa kurmin.

Maigidana mutumin Ƙarfi ne, manomin tudu. Sunansa Aƙilu. Yau ina iya faɗa tunda ba ya nan balle a ce na yi rashin kunya. Dogo ne, ga taurin kai, ga tsokana. Shekara ashirin da biyu ina yi masa bayanin caɓi da taɓo da damba, shi kuwa sai ya bari na gama tsaf, ya sosa gemu, ya ce, "Laka laka ce, Ladidi." Don ya ga na hasala yake yi, kuma kullum sai na hasala. Wata rana na ce ya kwanta a tsakar gida in nuna masa yadda ake jan ciki. Ya ce shi goshinsa ba ya taɓa ƙasa sai a salla. Na fi kwana bakwai ban sa masa man shanu a miya ba. Ina son mutumin nan, in gaya muku gaskiya, ina sonsa har abin yana ba ni haushi.

Ranar da abin ya faru damina ta yi tsakiya, dawa ta kai kafaɗa. Na ƙetare tun da sassafe ina haƙar yumɓu. Da hantsi na ɗaga kai na ga mutanen unguwarmu sun jeru cikin ruwa suna tahowa, Nana maginiya a gaba. Ga hayaƙi yana tashi bayansu. Autata Mero tana ciki, kwananta tara da haihuwa, ta ɗora jaririn a ka cikin ƙwarya. Na ƙirga fuskoki sau biyu ban ga ubanta ba. Ta ce Baba ya rako su har bakin fadama, ya ce shi ba zai shiga laka a bayan mata ba, zai ɓuya cikin dawa.

Na zage shi, na zagi Ƙarfi da duk wanda ya fito daga cikinta. Na yar da dagina na koma. Nana ta riƙe mini hannu na fizge. Ba abin da ke jikina sai zane, sai wani tsingaro a ƙullin zanen, wanda nake kankare yumɓu da shi daga bakin dagi.

Manu maƙwabcinmu na fara gani. Shi ne ya hango su ya yi kururuwa har mutane suka tsira. Yana kwance a bakin gonarsa, an soke shi a maƙogwaro, fartanyarsa tana hannunsa. Rumbuna suna ci da wuta. Tsoho Maitama makaho, wanda ba a samu ɗauka ba, an raba masa kai biyu a ƙofar zaurensa. Na ga abin da ke cikin kan ɗan Adam a kan dakali ranar, kuma har yau ban ƙara cin kan rago ba.

Ban kai gonarmu ba na ji wani a kan doki ya fizge ni ta gashi. Aka ja ni a ƙasa har gindin tsamiyar gari, fatar gwiwoyina duk ta saɓule. Maharan su tara ne. Ɗaya yana zaune yana nishi, hannunsa ya karye yana lilo, ashe maigidana ne ya sauke masa galma kafin su kama shi. Shi ma sun rama. Sun fasa masa baki da gindin mashi, sun ɗaure masa hannuwa ta gaba, sun zarga masa igiyar rama a wuya. Da ya gan ni sai ya runtse ido, na san ba ciwo ba ne ya sa.

Ana cikin haka aka jiwo ganga daga wajen Maska. Wani ya kai labari, kuma maharan sun san za a tare musu hanyar da suka biyo. Babbansu wani ƙato ne mai sulke, a kan doki ja wanda ya fi sauran girma. Ba wawa ba ne. Ya dubi gidajen da ba kowa, ya dubi jar ƙasar gari, sannan ya dubi ƙafafuna da baƙar laka ɗanya har cinya. Ya ce in nuna musu inda ake ƙetare fadamar.

Na ce ban sani ba, faɗawa na yi. Bai ko ɗaga murya ba. Ya sauko ya zare wuƙa, ya kama kunnen maigidana na dama ya yanke shi tas, ya jefo mini a ƙafa. Jini ya wanke masa kafaɗa. Aƙilu bai yi kuka ba. Mai sulken ya ce saura ɗaya kunnen, bayansa hanci, bayansa idanu, kuma ba shi da lokaci. Na ce na sani. Na roƙe shi ya kwance igiyar, in ya so mijina ya bi ni a gaba. Ya yi dariya, ya rage tsawon igiyar, ya ɗaure bakinta tam a jikin sirdinsa.

"Inda dokina ya je, nan mijinki zai je," in ji shi.

To kun ga inda aka sa ni. In na karya hagu a kututture, na kai takubba tara kan Mero da jaririnta da mutum arba'in da ke kurmi. In na miƙe, na kai su damba, ga mijina ɗaure a jikin dokin da ya fi kowane nauyi, mai shi kuma sanye da ƙarfe. Na shiga ruwan ban san wanne zan yi ba. Tafin ƙafata yana bin tudun da kansa, ni kuwa ina ta shafa ƙullin zanena ina auna kaifin tsingaron da kaurin igiyar. Sili uku ce. Na ce a raina in Allah ya ba ni numfashi talatin zan yanke ta.

Muka iso kututturen. A hagu baƙin ruwa ne cikin jema, ba kyan gani. A gaba kuwa ga ciyawa shar a shimfiɗe har gindin itatuwa. Na miƙe. Na taka dambar da sanɗa, ina aje ƙafa kamar mai tsoron tada barci, na yi taku shida na juyo na yafuto su.

Dokin ya ƙi. Ya kafe ƙafafun gaba, ya yi ta huci yana ja da baya. Dabba ta fi mutum sanin ƙasa. Mai sulken ya sa masa ƙaimi ya sake turjewa. Sai mutumin ya tsaya ya zuba wa ƙafafuna ido, ya zare takobi ya ɗora a kan wuyan maigidana.

"Me ya sa ciyawar take rawa?"

Ganga tana ƙara matsowa, na bayan suna ta cewa a yi a wuce. Sai na ji dariya. Aƙilu ne, da fasasshen bakinsa da jini har ƙirji. Ya ce wa mai sulken shekararsa ashirin yana koro jakuna da kaya ta nan, dokin arewa ne bai saba da fadama ba, kuma kada ya biye wa mata, su kowace ƙasa sai sun raɗa mata suna.

"Laka laka ce, ranka ya daɗe," ya ce.

Ya wuce gaban dokin ya hau ciyawar, ya ja igiyar da wuyansa. Dokin ya ga mutum a tsaye a kai, ya ɗaga ƙafa ya biyo. Aƙilu bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ni kuwa haushi ya kama ni har idona ya rufe. Na ce a raina wannan bawan Allah da gaske bai sani ba, shekara ashirin da biyu na yi ta zuba magana a ƙasa, ga shi zai mutu yana tsokanata.

Na ci gaba ina ƙirgawa. Taku goma, doki biyu sun hau. Taku ashirin, biyar sun hau, sun matsu da juna saboda tsoron ganga. Ƙasa tana lilo a ƙarƙashina, tana tashi tana sauka, ruwa yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna. Wani daga baya ya yi kira, ya ce a tsaya. Sai dambar ta yage.

Dokin tsakiya ne ya fara faɗawa, ƙafafun baya suka shige har gindi, ya yi haniniya ya kife a kan mahayinsa, na ji ƙashin mutumin ya ɓalle. Daga nan ramin ya buɗe gaba da baya. Dawakai suna shure-shure, kowane shuri yana ƙara yaga ciyawar. Wani ya hau kan sirdi ya yi tsalle ya sauka da ƙafa biyu, ya shige har wuya lokaci ɗaya, kofaton dokinsa ya same shi a fuska. Mai karyayyen hannun yana caka wa nasa dokin wuƙa don ya tashi, jini yana gauraya da laka. Wani ya jefo mini mashi ya wuce ta gefen kunnena. Na zube rub da ciki.

Da na ɗaga kai sai na ga maigidana. Yana kwance rub da ciki, ƙafafu a baje, goshinsa cikin laka, daidai yadda Inno ta koya mini. Ko ni ban fi shi iyawa ba.

Na ja jiki na isa gare shi. Jan dokin ya nutse har ƙirji, igiyar ta miƙe tam daga sirdi zuwa wuyan Aƙilu. Na kwance tsingaron na fara gurzawa. Tsingaro ba wuƙa ba ne, cin igiya yake yi zare-zare. Sili ɗaya ya tsinke. Mai sulken ya zame daga sirdi, laka ta kai masa ƙugu, ƙarfen yana jansa ƙasa. Ya ga igiyar, ya kama ta da hannun hagu yana jawo kansa, yana jawo mijina zuwa bakin ramin. Da ya matso ya kawo sara. Kun sha tambayata ina yatsuna biyu na hannun dama. Suna can. Ban ji zafi ba a lokacin, na dai ga tsingaron ya faɗi, na lalubo shi da hagu na ci gaba. Ya sake ɗaga takobin, laka ta kai masa hammata, saran ya sauka a ruwa. Na cika hannu da laka na watsa masa a ido. Sili na biyu ya tsinke.

Ciyawar da muke kai ta fara karkata. Nauyin mutum biyu a wuri ɗaya ya yi mata yawa, na sani, shi ma ashe ya sani. Igiyar ta shaƙe shi, muryarsa da ƙyar take fita.

"Damba ce," ya ce. "Tun a kututture na gane. Taku uku gabanki tana rawa. Ja da baya, Ladidi."

Na ce ya rufe mini baki, saura sili ɗaya. Na zage shi. Ban san zagin da ban yi masa ba, ina gurzawa ina kuka, jinina yana sa tsingaron santsi. Sai ya sa ɗaurarrun hannuwansa a kafaɗata ya ture ni da ƙarfin manomi, na mirgina sau biyu. A daidai nan dokin ya yi yunƙurinsa na ƙarshe ya nutse, igiyar ta fizge. Aƙilu ya tafi a kan cikinsa, bai yi shure-shure ba, bai tashi tsaye ba. Kansa ya fara shiga, sannan bayansa, sannan tafin ƙafafunsa. Ruwan ya yi ta ɓulɓuli na ɗan lokaci ya daina.

Huɗun da ba su hau ba sun juya, suka faɗa hannun mutanen Maska. An ce an kashe su a bakin fadama. Ban tambaya ba. Nana da sauran magina ne suka ƙulla zannuwansu suka jefo mini, suka jawo ni kamar buhu. An ce na ciji Nana a hannu don kada ta fitar da ni. Kafin la'asar ciyawar ta fara haɗewa, bayan kwana bakwai kuwa ko alama babu, kore shar kamar ba a taɓa taka ta ba.

Mero ta rayu, jaririn ya rayu, shi ne uban wasunku da ke zaune nan kuna ƙifta mini ido. Na koyi gini da yatsu takwas. Randunana sun ɗan karkace tun daga lokacin, masu saye suna ƙorafi, ina gaya musu su je su gina nasu.

Ba mu samu gawar da za mu wanke ba. Da muka koma gari na je gindin tsamiya na duba cikin ƙura, na tarar da kunnen yana nan inda aka jefo mini shi, tururuwa sun fara taruwa. Na kakkaɓe shi na wanke, na naɗe a ƙyallen fari. Liman ya ce a binne shi, aka binne shi a gefen Manu da Maitama. Kunnen nan ne na yi shekara ashirin da biyu ina cewa ba ya ji, ashe ko kalma ɗaya bai zubar ba. Na zauna a wurin har aka kira magariba, ina jin haushinsa, ina neman gafararsa.

Mutum ɗaya ne ya isa ya ce "laka laka ce" a gabana, kuma yana can ƙarƙashin ciyawar da igiya a wuya. Ku gaya wa amaryar nan gobe da sassafe ta same ni a bakin fadama, ta zo ba takalmi.